Daga wace gona wannan lemon ya fito? Tambayoyi da amsoshi kan gwajin gano asalin ruwan 'ya'yan itace

Idan azumi ya kama, ko zafin bazara ya kankama, babu shagon da ba za ka ga an jera lemon kwali da na roba ba, daga Ƙofar Ƙaura a Katsina har bakin kasuwar Daura. Wani an zana lemo a jikinsa yana ɗigar ruwa, wani an rubuta cewa tsantsa ne, wani kuma mai shago zai ce maka daga ƙasa kaza aka kawo shi. Mai saye ba shi da madogara sai rubutun da bakin mai sayarwa. Akwai ilimin da ke bin diddigin irin wannan magana ya tabbatar da ita ko ya ƙaryata ta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne ɗalibai da 'yan kasuwa da masu lambu suka fi yi a kansa.

Malam, da gaske ne za a iya ɗiban ruwan lemo a gane inda aka noma shi?

Da gaske ne, sai dai ba yadda mutane ke zato ba. Na'ura ba ta fito da takarda ta rubuta Gboko ta jihar Binuwai ko Sao Paulo ta Burazil. Lambobi take bayarwa, sai mai bincike ya ɗauke su ya kwatanta da na lemon da aka riga aka san gonarsa.

Kamar karin harshe ne. In baƙo ya buɗe baki a tasha, nan take za ka ce wannan Basakkwace ne, wancan Bakano ne. Ba don an rubuta a goshinsu ba, sai don kunnenka ya sha jin mutanen can. Wanda bai taɓa jin Sakkwatanci ba, iyakarsa ya ce wannan dai ba ɗan garinmu ba ne. Haka gwajin yake. In babu tarin samfurin da aka adana daga wani yanki, babu na'urar da za ta ambaci sunan yankin, komai tsadarta. Duk sauran amsoshin nan a kan wannan suke tsaye.

To mene ne ake aunawa a cikin ruwan?

Itace ba ya ƙaura. Ruwan da ya samu a wurin shi yake sha, ƙasar da aka dasa shi ita yake ci, ranar da ta dake shi ita ke nuna 'ya'yansa. Kowanne daga cikin ukun yana barin alama a cikin ɗan itacen. Alamar ruwa da ta yanayi ana karanta su ta hanyar abin da masana ke kira aisotof. Alamar ƙasa kuma ana karanta ta da aisotof ɗin da kuma ƙananan ma'adanai irin su sitironiyum, rubidiyum, bariyum da manganis, waɗanda ke shiga ta saiwa a ɗan adadin da harshe ba ya ɗanɗanawa.

Mene ne aisotof ɗin nan?

Ƙwayoyin zarra na sinadari guda ba duka nauyinsu ɗaya ba. Ɗauki oksijin da ke cikin ruwa: kusan dukansa mai lamba 16 ne, amma a cikin kowace ƙwaya 1,000 akwai kamar 2 masu lamba 18, da suka ɗan fi nauyi. Haidurojin ma yana da nasa mai nauyin, wajen 1 cikin 6,400. Kabon, wanda shi ne ginshiƙin sukari, yana da mai lamba 13, wajen 11 cikin 1,000. Ba guba ba ne, ba wani ne ya zuba su ba, haka Allah Ya halicce su, kuma suna cikin jikin kowannenmu. Abin da ke da amfani shi ne yawansu yana ɗan hawa yana ɗan sauka daga wuri zuwa wuri, kuma akwai na'urar da ke tantance ƙwayoyin bisa nauyinsu ta ga wannan ɗan bambanci.

Yaya ruwan sama zai bambanta? Ai ruwa ruwa ne.

A baki ne yake ɗaya. Ruwa mara nauyi ya fi saurin tashi ya zama tururi, mai nauyin kuma ya fi saurin zubowa daga hadari. Saboda haka hadarin da ya yi doguwar tafiya daga teku, ko ya hau tsaunuka, ko ya shiga ƙasa mai sanyi, yakan iso ne bayan ya zubar da mafi yawan mai nauyin a hanya. Wani Ba'amurke, Harmon Craig, ya nuna a 1961 cewa nauyin haidurojin da na oksijin a ruwan saman duniya tare suke tafiya bisa ƙa'ida guda. A 1964 Willi Dansgaard, mutumin Denmak, ya bayyana yadda sanyi da tudu da nisan teku da yawan ruwa ke sauya su. Tun farkon shekarun 1960 hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, tare da hukumar kula da yanayi ta duniya suke tara ruwan sama wata-wata daga tashoshi a ƙasashe da dama suna aunawa.

A nan yankinmu lamarin yana da nasa salo. Daminarmu daga tekun Atilantika take tasowa, amma zafi da bushewar iska kan ƙafar da wani ɓangare na ɗigon ruwa tun bai taɓa ƙasa ba, sai abin da ya sauka ya ƙara nauyi. Shi ya sa yayyafin farkon damina ya fi mamakon Agusta nauyi. Ruwan da ya kwana watanni a fili, kamar na madatsar Zoɓe ko ta Jibiya ko Sabke, rana tana ta ɗibansa, shi ma ya fi na rijiyar burtsatse nauyi. Ke nan lambu biyu a ƙauye ɗaya za su iya ba da lambobi daban in ɗaya da ruwan dam yake ban-ruwa, ɗayan da burtsatse.

Sannan itacen kansa yana ƙarawa. Ganye na fitar da tururi duk yini, mara nauyin na tafiya, don haka ruwan da ke cikin lemo ko mangwaro ya fi ruwan ƙasar da itacen ya sha nauyi. Wannan shi ke tona asirin wanda ya tsinka lemonsa da ruwan famfo ya ce matsattse ne daga itace: oksijin mai lamba 18 zai faɗi ƙasa, ya koma kusa da na famfon.

Ita ƙasa fa, wace alama take bari?

A ganina wannan ce shaida mafi ƙarfi in ana maganar wuri. Akwai wani nau'in rubidiyum a cikin duwatsu da ke rikiɗa a hankali ya koma sitironiyum mai lamba 87. Sannu yake yi ƙwarai, sai an yi shekara wajen biliyan 49 kafin rabinsa ya rikiɗa. Don haka tsohon dutse mai yawan rubidiyum, irin giranit, ya tara mai lamba 87 fiye da sabon dutsen da aman wuta ya fitar. In aka raba mai lamba 87 da mai lamba 86, sabon dutsen aman wuta kan ba da wajen 0.703 zuwa 0.706, ruwan teku 0.709, tsohon giranit kuma yakan wuce 0.710, wani lokaci da nisa. Daɗin abin shi ne itace ba ya sauya wannan lamba, zafin rana ba ya sauya ta, dafawa ko ƙafarwa a masana'anta ma ba sa sauya ta. Shekara ta yi ruwa ko ta yi fari, ita tana nan.

Jihar Katsina wuri ne mai kyau da gwada wannan. Su Funtuwa, Malumfashi, Ƙanƙara da Dutsin-Ma a kan tsoffin duwatsu suke zaune, ga su nan ma a fili mutum na gani daga mota. Wajen Daura kuwa yashi da laka da suka taru daga baya sun lulluɓe wurare da yawa. Sai dai akwai abin da mai bincike a nan ba zai manta da shi ba: ƙurar hunturu. Kowace shekara iska na kwaso ta daga hamada, musamman kwarin Bodele da ke Chadi, ta shimfiɗa a kan gonakin kowa ba tare da ta tambayi irin dutsen da ke ƙasa ba. Ga takin zamani, ga ruwan ban-ruwa, kowanne da nasa sitironiyum. Dole a auna ƙasar gonar da 'ya'yan itacen kansu, taswirar duwatsu kaɗai ba ta isa ba.

Ƙananan ma'adanan ma sun daɗe suna aiki. Tun ƙarshen shekarun 1970 masu bincike a Amurka suka nuna cewa bariyum da rubidiyum na taimakawa wajen bambanta ruwan lemon Filorida da na Burazil.

An ce yawancin lemon kwali ba daga itace ake matso shi kai tsaye ba. Haka ne?

Haka ne, kuma ba laifi ba ne in an rubuta a jiki. A masana'antar da ke kusa da gonaki ake matse lemon, a ƙafar da mafi yawan ruwansa har ya yi kauri, sukarinsa ya kai wajen kashi 65 cikin 100, a zuba a ganguna a sanyaya. Haka ya fi sauƙin ɗauka a jirgin ruwa. In ya isa inda za a sayar, sai a mayar masa da ruwa. Burazil ce kan gaba a duniya wajen fitar da ruwan lemo, akasari daga jihar Sao Paulo. Na tuffa kuma Chaina da Polan na cikin manyan masu fitarwa. A Najeriya, an sa ruwan 'ya'yan itacen da aka riga aka ɗura a kwalin sayarwa cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su, shi ya sa masana'antu ke haɗa nasu a cikin gida. Wannan kuma shi ke sa a yi tambaya in aka ga kwali mai rubutun waje a kasuwannin da ke kusa da iyaka, irin Jibiya ko Kwangwalam: ta ina ya shigo, kuma shin abin da aka rubuta shi ne a ciki?

Ga mai gwaji, ƙafaffen lemo yana sauya lissafi. Ruwan da ke cikin kwalin ba labarin gona zai ba ka ba, labarin rijiyar masana'anta zai ba ka. Sai a bar ruwan a koma ga abin da ya taho daga itacen bai ƙafe ba, wato sukarin, tsamin, da ɓargon lemon da ke kwanciya a ƙasa. In da hali ma a ɗebi samfur daga gangar kanta kafin a tsinka.

Ni damuwata ba gari ba ce, sukari ne. Ana iya gane an ƙara?

Hajiya, wannan ya fi gano gari sauƙi nesa ba kusa ba. Tsirrai ba hanya ɗaya suke bi wajen haɗa abincinsu daga iska ba. Rake, masara, dawa da gero suna gida ɗaya, su kan riƙe kabon mai lamba 13 da ɗan yawa. Lemo, mangwaro, gwaiba, tuffa da yawancin itatuwa suna ɗaya gidan, nasu ya fi ƙaranci. A ma'aunin da duniya ta amince da shi, sukarin lemo kan faɗa tsakanin 24 da 27 ƙasa da sifili, na rake kuma wajen 11 zuwa 12 ƙasa da sifili. Tazara ce babba. In aka haɗa su rabi da rabi, lambar za ta tsaya wajen 18 ko 19, inda babu lemon gaskiya da ke zama. Masu gwaji kan ƙara da kwatanta kabon na sukarin da na ɓargon lemon. Daga itace ɗaya suka fito, ya kamata su yi kusa da juna. In suka yi hannun riga, an sa hannu.

Akwai wasu alamomin. Tsamin lemo na asali yana tafe da wani ɗan'uwansa da ake kira aisositirik a ɗan adadi sananne, wanda tsamin da ake sayowa a buhu ba shi da shi. In tsami ya yi yawa ɗan'uwan ya yi kaɗan, an ƙara na buhu.

Babu inda dabarar ke cijewa?

Akwai. Abarba da dare take buɗe ƙofofin ganyenta ta sha iska, kuma kabon ɗinta yana kusa da na rake, don haka gwajin da ya kama mai ha'inci a lemo ba zai kama shi kai tsaye a abarba ba. Haka sukarin da Turawa ke samu daga wani tushe da suke kira bit, gidansu ɗaya da lemo a wajen kabon. Maganin wannan daga Faransa ya fito. A farkon shekarun 1980, Gérard Martin da Maryvonne Martin na jami'ar Nantes suka samar da hanyar duba ainihin gurbin da haidurojin mai nauyi ya zauna a cikin ƙwayar sinadari. A kan wannan fasaha aka kafa kamfanin gwaje-gwaje na Eurofins a 1987. Ana barin sukarin samfurin ya ruɓa ya koma barasa, sannan a auna barasar.

Barasa kuma? Ashe ana mayar da lemon giya?

A'a, Alhaji, hankalinka ya kwanta. Ɗan abin da aka ɗiba aka kai ɗakin gwaji ne kawai ake yi wa haka, a auna a zubar. Ba ya komawa cikin abin da ake sayarwa.

An taɓa kama wani da irin wannan gwaji?

An sha kamawa. Shari'ar da ta fi shahara ita ce ta kamfanin abincin jarirai na Beech-Nut a Amurka, wanda a 1987 ya amsa laifin sayar da ruwan sukari da ɗanɗanon haɗi da sunan ruwan tuffa tsantsa, aka ci shi tarar dala miliyan 2. Jarirai ake ba wa. Wannan shi ne abin da ke taɓa ni a lamarin duka: uwar da ta tsuke bakin aljihunta ta sayi mai tsada don ɗanta, ko mai ciwon sukari da ya yarda da rubutun "ba a ƙara sukari ba", su ne ake cuta, kuma su ne ba su da hanyar ganewa da kansu.

Za a iya bambanta mangwaron Daura da na Funtuwa? Gonata da ta maƙwabcina fa?

Na farkon mai yiwuwa ne, tunda ruwan sama da ƙasa sun bambanta, amma sai an tara samfur an gwada kafin a yi alkawari. Na biyun kuwa, in ƙasarku ɗaya ruwanku ɗaya, kada ka sa rai. Gwajin ya fi ƙarfi wajen cewa "wannan ba daga can ya fito ba" fiye da cewa "daga nan ya fito", domin wurare biyu masu nisa za su iya yin kama a lamba ɗaya. Shi ya sa ba a dogara da alama guda, ana haɗa ta ruwa da ta ƙasa da ta ma'adanai, kwamfuta ta jera su ta ga rukunin da samfurin ya faɗa. In kuma masana'anta ta gauraya gangunan ƙasashe biyu ko uku, abin da aka saba yi don daidaita ɗanɗano, lambar za ta faɗa tsakiya, sai a koma ga takardun saye.

Muna da kayan wannan aiki a Najeriya?

Muna da wani ɓangare. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa abin sha rajista, kuma tana da ɗakunan gwaji, ciki har da na Oshodi a Legas da na Kaduna. A Zariya, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramin injin nukiliya na bincike da ya fara aiki a 2004, wanda ake amfani da shi wajen auna ƙananan ma'adanai a cikin samfur. Ga sassan kimiyyar sinadarai a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, cike da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai.

Na'ura ana iya aika mata samfur ko tana wata ƙasa. Abin da ba a iya sayowa daga waje shi ne tarin samfurin gonakinmu. Tarayyar Turai tun farkon shekarun 1990 take tara lambobin inabinta shekara-shekara. A Jamus, ƙungiyar masu sana'ar ruwan 'ya'yan itace ta SGF ta tara dubban samfura daga ƙasashe daban-daban, kuma a kansu na'urar gwajin ruwan 'ya'yan itace ta kamfanin Bruker, mai suna JuiceScreener, ke dogara. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Amma babu Bajamushen da zai zo ya zaga lambunan Ajiwa da Daberam ya tara mana namu.

In an san asalin lemo, ke nan lafiyayye ne?

A'a, tambayoyi ne biyu daban. Tsafta, ragowar maganin feshi, dalma, ko mangwaron da aka nuna da kabayid, wanda NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kai, kowanne da nasa gwajin.

Mu masu lambu, me za mu ƙaru da shi?

Suna dukiya ne in ana iya kare shi. Jan lemon Sisili da ke Italiya, wanda ake nomawa a kewayen dutsen Etna, yana da rajistar da ta hana wani sayar da nasa da wannan suna. Ba sai mun je nesa ba: maƙwabtanmu na Nijar sun yi wa kilishinsu da albasar Galmi irin wannan rajista. Rajista kuwa ba ta da haƙori sai in akwai hanyar kama mai sojan gona, kuma nan ne gwajin ke shigowa. Haka zoɓon da ake lodawa daga arewacin Najeriya zuwa Meziko, da tsamiya, da garin kuka: duk abin da ya tsiro a ƙasa ya sha ruwa, ana iya bin sa da wannan hanya. Har ma ana iya samun alamar irin takin da aka sa, domin takin gargajiya yakan bar naitirojin mai nauyi fiye da na zamani.

Kafin a kai ga duk wannan, me mai saye da ƙaramin mai sana'a za su iya yi?

Mai saye ya karanta kwali da kyau. Ƙa'idar Codex ta 2005, wato ma'aunin ingancin abinci na duniya, ta bambanta ruwan 'ya'yan itace tsantsa da wanda ake kira nekta, wanda aka yarda a sa masa ruwa da sukari. A nektar lemo, ruwan lemon kada ya gaza kashi 50 cikin 100, a ta mangwaro kashi 25. Abin da aka kira "abin sha mai ɗanɗanon lemo" kuwa yana iya zama ƙasa da haka sosai. A duba jerin kayan haɗi, abin da aka fara ambata shi ya fi yawa. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Mai matsa lemo ko kankana tana ɗurawa a roba, ta sayi ɗan madubin auna sukari na hannu, wanda ke ba da lamba a ma'aunin Brix. Ba zai faɗa mata gari ba, amma zai nuna mata in kayan yau sun fi na jiya ruwa. Ta kuma riƙe littafi: ranar da ta saya, wurin wa, daga wane gari motar ta taso.

Ɗalibin da ke son fara tara samfur kuma, ya je gonar da ƙafarsa ya tsinka da hannunsa, kada ya saya a kasuwa. Ya rubuta irin itacen, ranar, wurin da wayarsa ta nuna a taswira, irin takin, da inda ruwan ban-ruwa ke fitowa. Ya ɗebi ƙasar gindin itacen da ruwan da ake ba shi. Ya koma baɗi da baɗin baɗaɗa, domin shekara ɗaya ba ta nuna iyakar hawa da saukar lambobin. Kwalbar ruwan kuma a cika ta har baki a rufe gam a ajiye a sanyi, don in ta sha iska mara nauyin zai tsere, lambar da za a auna ba ta gonar ba ce.